Zalɓen Madarunfa da samarin da suka kira shi ɓarawo

Jiya Lahadi na dawo Maradi daga tafkin Madarunfa da tarwaɗa biyu da karfasa huɗu a bokiti, da wani ɓacin rai da ya hana ni barci har sai da na tashi na zauna rubuta wannan. Wanda ba ya son dogon karatu ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Waɗanda suka san ni sun san ciwona. Shekara tara ke nan, kusan kowace Lahadi in ba suna ko rasuwa ba, ina idar da sallar asuba sai in ɗaure sandar fatsa a jikin babur, in ɗauki hanyar Dan Isa, in wuce Jiratawa, in ratse zuwa tafki. Ni ba masunci ba ne, ban kuma gaji su ba. Malamin makaranta ne ni, da alli nake ci. A fadarmu ta unguwar Zariya an daɗe ana shan shayi da ni: "Mushe, ka ƙona man jika 2 ka dawo da kifin dala 100, wannan wane irin lissafi ne kake koya wa 'ya'yanmu?" Uwargida ma ta gaji da magana, yanzu sai dai ta miƙo mini gwangwanin tana ta ce Allah ya kiyaye hanya. Gaskiyarsu ce, babu riba a ciki. Abin da nake zuwa nema shi ne awa biyar ɗin nan da ba wanda zai ce mini "Mushe, wane ya ɗauke mini biro", ido a kan 'yar totuwar da ke yawo bisa ruwa, kunne yana hutawa.

To jiya hutun bai samu ba. Wajen ƙarfe tara wasu samari biyar suka iso da mota daga cikin gari, da sababbin sandunan fatsa irin masu ƙarfen naɗi, da akwatin kiɗa. Ban ƙi su ba, wallahi har daɗi na ji, don na daɗe ina cewa yaranmu su san akwai wurin zuwa ban da bakin titi. Suka kama 'yan ƙananan karfasa, suka haƙa ɗan rami a bakin ruwa suka zuba su. Can gefe kuwa akwai wani zalɓe tsaye cikin ruwa iya gwiwarsa tun kafin su zo. Da suka juya baya suna ɗaukar hoto, sai ya tako a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya tsinci guda ya haɗiye. Ɗaya daga cikinsu ya gani, ya karɓi danƙo hannun wani yaro mai kiwon awaki, ya saka dutse. Harbi na biyu ya same shi a fiffike. Tsuntsun ya yi wani kuka mai kaushi, ya yunƙura zai tashi ya faɗa cikin ciyawa, su kuma suna ta ihu suna ɗauka da salula.

Na tashi na je na ce, samari, me ya yi muku? Wanda ya yi harbin ya dube ni da ladabinsa, ba zan yi masa ƙarya ba, ya ce: "Baba, ɓarawo ne fa. Ai su ne suke cinye kifin tafkin nan, shi ya sa ba a samun manya."

Wannan maganar ce ta hana ni barci, fiye da harbin ma. Yaro ya yi wauta da danƙo, mu ma mun yi a zamaninmu, Allah ya yafe mana ƙadangarun da muka kashe. Amma maganar ba tasa ba ce, jin ta ya yi wurin manya. Na sha jin ta a bakin masu furfura, a kasuwa da tasha, har da wani mai digiri.

Bari mu yi lissafin, tunda an ce ban iya ba. Zalɓe duk tsawon nan nasa, wuya ne da ƙafa da gashi. In ka ɗora shi a sikeli da wuya ya wuce kilo 2. Abin da yake ci a yini bai fi rabin kilo ba, kuma ba duka ne kifi ba: yana cin kwaɗo, yana cin ɓera, yana cin fara da 'yan macizai. Kifin da yake kamawa a bakin gaɓa yake kama shi, inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, don shi ba ya nutso. Yakan tsaya rabin awa ko motsi babu, ya kai sara ya kuskure, ya sake tsayawa. Na sha zama kusa da shi mu yini tare, ni da ƙugiya shi da baki, kuma sau da yawa dukanmu biyu hannu rabbana muke tashi.

Yanzu ku zo mu dubi sange. Gidan sauron da ake rabawa a likita don kare mata masu ciki da jarirai daga zazzaɓi, shi ne wasu ke ɗinkewa biyu-biyu su ja a bakin ruwa. Ramin sange ko sauro ba ya wucewa, balle ɗan kifi. Ja ɗaya sai ka ga an juye tulin 'ya'yan kifi kamar yatsa, wasu ma ba su kai ba, a shanya su a rana, abin da ya lalace a bar wa ƙuda. Na rantse abin da sange guda ke kwashewa da hantsi ɗaya, zalɓe sai ya yi watanni bai ci kamarsa ba. Kuma ina ake jan sangen? A cikin ruwa marar zurfi mai ciyawa, wurin da kifi ke haihuwa. Karfasa uwa a bakinta take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan ma in sun ji tsoro bakinta suke komawa. In ka kama ta a wannan hali ka kashe ɗaruruwa a tashi ɗaya. Tarwaɗa kuwa jira take ruwan farko ya malala cikin ciyawa ta hau ta zuba ƙwai, lokacin ne kuma aka fi tare ta, don ta zo inda hannu ke kai wa. Ba wanda ya taɓa ganin zalɓe ya ɗinka sange. Dokar kamun kifi da ƙasar nan tamu ta Nijar ta kafa a 1998 ta hana kamun kifi da guba da abin fashewa da raga mai ƙananan ido. Da tsuntsu ne matsalar, ai da shi aka rubuta wa doka.

Sai yashi. Duk wanda ya san tafkin nan shekara ashirin baya ya san inda ruwa ke kaiwa da inda yake tsayawa yanzu. Gulbin Gabi da ke kawo masa ruwa ba ruwa kaɗai yake kawowa ba, yana tafe da ƙasar gonakin da aka sare itatuwansu. Kowace damina ƙasan tafkin na ƙara tasowa. Ruwa marar zurfi da wuri yake zafi, da wuri yake ƙafewa, kuma babban kifi kamar giwan ruwa ba ya zama a faranti. Gulbin Maradi kansa ba yadda kakanninmu suka san shi yake ba, wanda a 1945 ya ci tsohon gari har aka tashi aka hau tudu. Tun da aka yi madatsar Jibiya a wancan gefen iyaka tafiyarsa ta sauya. Itacen da muke dafa tuwo da shi a Maradi daga ina yake fitowa? Ku tsaya bakin hanya da safe ku ƙirga amalanke da motocin itace masu shigowa daga wajen dajin Baban Rafi. Mu ne muke cinye tafkin daga cikin madafanmu, sannan mu je ranar Lahadi mu harbi zalɓe.

Abin dariya ma, rabin tsuntsayen da ake zagi ba ruwansu da kifi. Balbela, wadda yara suka fi jifa saboda farinta ya sa ana hango ta, bin shanu take tana tsintar fara da ƙwarin da kofato ya tayar. Shamuwa da ke zuwa mana da albishir ɗin damina, fara da tsutsa ne abincinta. Wanda ya ga abin da fara ta yi mana a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005 wadda ta fi tsanani a jihar nan tamu, bai kamata ya ɗaga hannu a kan mai cin fara ba. (Na san mu ma muna cinta da yaji da ƙuli, wannan kishiya ce kawai, ba gaba ba.) Kirinjijiya da ɗinya kuwa tsaba da ciyawar ruwa suka fi ci. Amma a idon mai danƙo duk abin da ya sauka bakin ruwa ɓarawon kifi ne.

Masu cin kifin na gaskiya ina iya ƙirga su, don na yi shekaru ina kallonsu. Akwai zalɓe. Akwai baƙar kazar ruwan nan mai dogon wuya da ke nutsewa ta ɓace, ta ɓullo can nesa, sannan ta hau kututture ta baje fukafukai kamar mai shanyar wanki, saboda gashinta jiƙewa yake, sai ta bushe take jin daɗin tashi. Akwai ɗan baƙi-da-farin nan mai baki kamar mashi, wanda ni nake kira mai tsayuwar iska: sai ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, kai a sunkuye, ya faɗo kamar an jefo dutse, ya fito da ɗan kifi, ya je reshe ya bubbuga shi, ya juya shi ya haɗiye ta kai don kada ƙaya ta tsaya masa. A jikin gaɓa yake haƙa rami ya yi sheƙa. Sai shirwa, wadda ita kam na yarda tana da halin ɓeraye, ta taɓa ɗauke mini tarwaɗa daga kan murfin bokiti ina tsaye ina kallo, har iskar fiffikenta ta taɓa mini hula. Na yi ta zagi, daga baya na zauna ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Amma wanda ya sa na daina ganin tsuntsayen nan a matsayin abokan hamayya, wani baƙo ne. Cikin hunturu ne, shekara huɗu ko biyar da suka wuce, hazo ya rufe ƙetaren tafki, sanyi ya hana kifi cin koto, tun safe ko taɓi ban samu ba. Sai ga wani shaho babba, bayansa ƙasa-ƙasa, cikinsa fari fat, da baƙin zane ta kan ido kamar ya sha kwalli. Ya yi shawagi sau biyu a kan ruwa, ya tsaya, ya naɗe fukafukai ya sulalo. Dab da ruwa sai ya miƙo ƙafafu gaba, ya shige da su har ruwa ya rufe shi. Na ce shi ke nan ya halaka. Sai ga shi ya taso da ƙyar yana dukan ruwa, da karfasa mai faɗin tafin hannu biyu a farce. Yana sama ya girgiza jiki kamar kare, ya gyara riƙon kifin ya mai da kansa gaba don kada iska ta tare shi, ya tafi kan wani busasshen itace. Na manta da fatsata har totuwa ta nutse ban sani ba.

Da na koma gida na bincika. Shahon ruwa ne, a Turai yake haihuwa, ƙasashe irin su Jamus da Suwidin da Finlan, kafin sanyinsu ya kama ruwa ya daskare sai ya ƙetaro teku ya ƙetaro Sahara ya zo Afirka ta Yamma ya yi rani, wajen watan Maris ya juya. Kusan ba ya cin komai sai kifi, har yatsansa na gefe juyawa baya yake don ya riƙe mai santsi da kyau. Ku duba tafiyar nan. Mu da muke Maradi mun san abin da ake nufi da ƙetare hamada, mun san 'yan'uwanmu nawa suka bi ta Agadas ba su dawo ba. Wannan halitta tana yin ta sau biyu a shekara, ba guzuri ba jarka, ta sauka a Madarunfa ta ci kifi ɗaya. Wane Bahaushe ne zai ce baƙon da ya zo daga wannan nisa ya yi masa sata don ya ci loma guda? Ina karamcin da muke taƙama da shi?

Ba don tausayi kaɗai nake magana ba. Masunta na gaskiya sun san amfanin tsuntsu. Dattijon da nake ajiye babur a ƙofar gidansa, wanda ya fi shekara hamsin yana jefa birgi a ruwan nan, shi ya fara koya mini: "Malam, kada ka zauna inda ka ga dama. Ka duba inda tsuntsu ya taru. Shi ba ya zaman banza." Tun daga ranar ba na jefa ƙugiya sai na ga inda mai tsayuwar iska ke tsayawa. Kashinsu da ke zuba cikin ruwa taki ne, shi ke ciyar da ɗan koren nan da karfasa ke tacewa ta ci. Kifin da ya yi rauni ko ya kamu da cuta shi ya fi saurin shiga bakinsu. Kuma ranar da ka je tafki ka tarar ba tsuntsu ko ɗaya, kada ka yi murna, naɗe zarenka ka koma gida, ruwan ne ba kome a cikinsa.

Zan yi adalci. Akwai wanda in ya yi fushi da tsuntsu ba zan ce masa kome ba. Masuncin da ya kwana cikin sanyi ya shimfiɗa raga, da safe ya tarar kazar ruwa ta yayyaga kifin da ya kamu, wannan abincin 'ya'yansa ne aka taɓa. Haka mai kiwon kifi a lambu, wanda ya ci bashi ya sayi 'ya'yan tarwaɗa ya zuba a ɗan tafkin siminti, zalɓe guda in ya gane wurin sai ya mai da shi gidan abinci. Ko shi ɗin ma maganinsa raga ce a rufe saman ruwan, ko a ja zare a gicciye, don in ka kashe wannan gobe wani zai zo. Amma dai kukansa yana kan hanya. Mu fa? Mu 'yan Lahadi, masu albashi da masu shago, da muka zo da burodi da sardin a jaka, mu ne za mu yi kishi da tsuntsu a kan ɗan kifin da ko miya ba zai yi ba? Masunci yana da haƙƙi a ruwan nan, tsuntsu yana da haƙƙi, mu kallo ya kawo mu. Dattijon nan, duk talaucinsa, in ya gama tsince birgi ƙananan watsa su yake bakin gaɓa, tsuntsaye su yi ta rububi. Ban taɓa ganin danƙo a hannunsa ba.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga kan nawa in nuna muku shi. Shekarun farko, in zare ya harɗe mini sai in yanke in jefar nan inda nake zaune. Zaren roba ne, ba ya ruɓewa. Wata Lahadi na dawo wurin zamana na tarar da kazar ruwa a mace, rataye a jikin wani reshe, zare ya naɗe mata fiffike da wuya, ƙugiya a cikin maƙogwaro. Na duba ƙullin da ke jikin ƙugiyar. Nawa ne, don ni kaɗai nake irin wannan ƙulli a wurin, wani ɗan Zinder ya koya mini. Ta haɗiyi ɗan kifin da na bari a jiki ne, ta yi ta fama har ta mutu, wataƙila kwana biyu tana yi. Yaron jiya ya karya fiffike ɗaya a cikin fushi, ni na kashe rai a cikin lalaci, kuma ba wanda ya ɗauke ni a salula. Tun daga ranar nake tafe da wani tsohon gwangwanin madara, duk guntun zare da ƙugiya da na gani, nawa da na wani, ciki yake shiga. Jiya kaɗai na cika shi, ban da ledar ruwa da ba ta ƙirguwa.

Kuma wai a Madarunfa ake wannan. Wurin da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, inda mutane ke zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya, su cire takalmi su yi addu'a. Tun 2006 ƙasarmu ta miƙa sunan tafkin da dajinsa da kaburburan ga UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, cikin jerin wuraren da take fatan a sa a gadon duniya. A 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare fadamu da tafkuna, musamman saboda tsuntsayen ruwa. Wato tsuntsun da muke jifa yana cikin dalilan da suka sa duniya ta san da tafkin. Takarda dai an sa mata hannu. Abin da ya rage a kan gaɓa yake, kuma ma'aikatan gandun daji ba za su tsaya bayan kowane yaro ba. Malaman makaranta 'yan'uwana, mu da muke da ajin yara sittin sittin, sau nawa muka kai su bakin ruwan nan muka ce su zauna shiru su ƙirga irin tsuntsun da suka gani? Ni ma sau ɗaya na taɓa yi, kuɗin mota ya hana ni maimaitawa.

Samarin jiya, in wannan rubutu ya iso gare ku, ban ambaci sunan kowa ba kuma ba zan ambata ba. Ku dawo. Ku zo da wuri, kafin rana ta fito, ku bar akwatin kiɗan a gida don kifi yana jin girgizar ƙasa. Ku sa abin da kuka kama a bokiti mai murfi, ba a rami ba. Ƙananan ku mai da su ruwa, a cire ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu. Ku koma gida kafin la'asar ta yi sanyi, kun san halin da yankin iyaka yake ciki. Zan nuna muku inda tarwaɗa ke kwanciya, da yadda ake soka tana ba ta zame ba. Hoton nan kuma ku goge shi.

Zalɓen kuwa, bayan sun tafi ni da dattijon muka shiga ciyawa muka same shi. Ya ce in kama baki tukuna, don zalɓe ido yake nema in ya ji hannu. Na riƙe, shi kuma ya lulluɓe masa kai da tsohuwar riga, ya shafa fiffiken a hankali, ya ce ƙashin bai fito waje ba. Ya tsaga kara ya ɗaure masa kamar yadda ake ɗorin ɗan akuya, ya sa shi a wani kango bayan gidansa da kwanon ruwa. Na zuba masa biyu daga cikin karfasa shidan da na kama. Bai ko dube su ba, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon bango. Na tambayi dattijon ko zai tashi. Ya ce, "Malam, in ya ci abinci kafin jibi, zai tashi. Ka zo Lahadi da ƙananan kifi, kada ka mai da su ruwa wannan karon."